Ka Sauya Zurfin Fok: Iska Za Ka Taɓa, Tokin, ko Sitiyari?

Sauya zurfin fok (shokazobar wilin gaba) na keken hawa duwatsu, wato iyakar nisan da yake iya nutsewa, ba aiki ne mai wuya ba a yanzu. A RockShox Pike, Lyrik ko Zeb, da Fox 34, 36 ko 38, sandar iskar da ke cikin ƙafar hagu ake zarewa a sa wadda ta fi ta tsawo ko gajarta. A Manitou Mezzer da Cane Creek Helm kuwa 'yan zobba ne a ciki, a ƙara ko a rage. Duk wanda ya iya riƙe sifana zai gama kafin la'asar. Wahalar tana zuwa ne bayan an ɗaure noti na ƙarshe an ɗauko famfo: nawa za a hura? Lambar da ka saba da ita ta tsohon zurfi ce. In ka sa lambar fok ɗinka a manhajar TrailHead ta RockShox, ko lambar shaidar Fox a shafinsu, shawarar da za su ba ka ta yadda fok ya fito daga masana'anta ce, ba su san ka buɗe shi ba.

Misali guda zan riƙe har ƙarshe don lissafi ya yi sauƙi: fok na wili mai inci 29 da aka ɗaga daga milimita 150 zuwa 160. A Lyrik da Fox 36, wannan ya sa tsayinsa daga sandar wili zuwa kafaɗa ya tashi daga milimita 561 zuwa 571. Mahayin kuma mu ce a da yana hura psi 80 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne), fok yana lotsawa milimita 30 in ya hau, wato kashi 20 cikin ɗari.

Abu biyu ne suka canza, kuma yawancin ruɗanin da ake shiga daga haɗa su wuri ɗaya yake zuwa. Na farko a cikin fok yake. Sabuwar sanda ba ta ƙara girman ɗakin iska ba. Fistin yana farawa daga inda yake farawa a da, sai dai yanzu yana da ƙarin milimita 10 da zai shiga cikin ɗakin nan da bai ƙaru ba. Ka toshe bakin sirinji da yatsa ka danna: rabin farko yana tafiya salin-alin, amma ɗan abin da ya rage a ƙarshe shi ne mai taurin kai. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, tsawon iskar da ke saman fistin milimita 220 ne. A zurfin 140 iskar za ta matsu ninki 2.75 a ƙarshe, a 150 ninki 3.1, a 160 kuwa kusan ninki 3.7. Ƙarin milimita 20 kacal ya ɗaga taurin ƙarshe da kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne ya sa fok mai gajeren zurfi yake fitowa daga masana'anta da tokin da yawa, 'yan robobin nan da ake ɗaurawa ƙarƙashin murfin sama don rage girman ɗakin iska, mai dogon zurfi kuma da kaɗan ko babu.

Na biyu a jikin keken yake, ba ruwansa da iska. Fok ya ƙara tsayi da milimita 10, gaban keke ya ɗaga, firam ɗin gaba ɗaya ya juya baya a kan wilin baya. Kusurwar wuyan keke ta kwanta da abin da bai kai rabin digiri ba, wajen 0.4. Cibiyar feda ta tashi da kamar milimita 3. Sitiyari ya tashi daga ƙasa da 6 ko 7, ya kuma matso kusa da kai da 4 ko 5. Sirdi ya ja baya da kusan 5. Lambobi ne ƙanana a takarda, amma duk gefe guda suke turawa: nauyinka ya ragu a kan tayar gaba. A gangare mai tsini wannan alheri ne. A kwana mai shimfiɗe da tsakuwa, ko a hawan tudu, shi ne abin da ke sa taya ta zame ko kan keke ya riƙa yawo.

Kafin a fara zaɓi akwai 'yan abubuwan da ba zaɓi ba ne. Masu ƙera firam suna faɗin iyakar tsayin fok da ya halatta, in ka wuce shi ka fita daga garanti, kuma ƙarfin da ke murɗa wuyan firam ya ƙaru. Kowane fok ma yana da iyakarsa: a samfurin 2023 Pike daga 120 zuwa 140 yake, Lyrik daga 140 zuwa 160, Zeb daga 150 zuwa 190, Fox 38 kuma daga 160 zuwa 180. Ka duba igiyar birkin gaba ko tana da sauran sako-sako idan fok ya miƙe sarai. Sannan ka sauke iska duka, ka danna fok har ƙasa, ka ga inda zoben roba da ke jikin ƙafar fok, mai nuna iyakar nutsewarsa, ya tsaya, domin tsawon ƙafa mai santsi da ido ke gani ba shi ne ainihin zurfin ba. A wasu fok akwai 'yan milimita da ba a taɓa shiga. Wajen hurawa kuma a hankali: ka ƙara iska kaɗan, ka danna fok sau da yawa zuwa rubu'in zurfinsa, ka sake ƙarawa. Akwai ɗan rami a cikin bututun wanda ta nan iska ke ratsawa zuwa ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin fistin. In giris ya yi yawa ya toshe shi, fok zai ƙi miƙewa, ka biya kuɗin 160 ka samu 150. Wannan sai an sake buɗewa, babu maɓallin da zai gyara shi.

Hanya uku ta hura iska

Hanya ta farko ita ce ka bar psi 80 ɗinka yadda yake. Tunda farkon tafiyar fistin bai canza ba, fok zai lotsa kusan milimita 30 ɗin da ya saba, wanda yanzu bai kai kashi 19 cikin ɗari ba. Tsayin da kake tafiya a kai ya zama 541, a da 531. Duk milimita goman da ka ƙara sun tafi wajen ɗaga gaba. Hannunka zai ji abin da ya sani a kan ƙananan duwatsu da wajen taka birki, ba sai ka taɓa maɓallin dawowa, mai saita saurin miƙewar fok, ba, kuma ƙarin zurfin yana can ƙarshe a ajiye don ranar da ka diro da ƙarfi. Illarta ita ce canjin tsayin keke a nan ya fi yawa, kuma in ba ka cire tokin ba wannan ajiyar ba za ka taɓa kai mata ba. Mutum ya yi wata yana hawa, zoben roba na tsayawa a inda yake tsayawa tun da.

Hanya ta biyu ita ce ka riƙe kason lotsawa. Kashi 20 na 160 milimita 32 ne, sai ka rage iska kaɗan, psi 4 ko 5 a misalinmu. Tsayin tafiya ya zama 539. Fox kansu tsakanin kashi 15 da 20 suke ba da shawara, wato milimita 24 zuwa 32 a wannan zurfi. Fok ya ɗan yi laushi tun daga farko har tsakiya, ƙarin zurfin ya rabu: kaɗan ya tafi ga bin ramuka, mafi yawa ga shanye dūka. Wannan ita ce ta fi kusa da abin da teburin masana'anta zai nuna maka na sabon zurfi, kuma ga yawancin mutane nan ya kamata a fara.

Hanya ta uku ita ce ka riƙe tsayin tafiyar da ka saba. Ga lissafin: fok na 160 da ya lotsa kashi 25, wato milimita 40, yana zaune a 531, daidai inda na 150 mai kashi 20 yake zama. Keken ya koma siffarsa ta da, tayar gaba ta sami nauyinta, kwana ta dawo daidai. Milimita goman duk sun koma ƙasa, wato wili yana da ƙarin damar miƙewa ya bi rami ko bayan dutse bai rabu da ƙasa ba. A hanya mai sassauƙan gangare da tsakuwa da yawa wannan yana da daɗi ƙwarai. Sai dai kafin ka kai nan ka sauke iska mai yawa, ƙila har kashi ɗaya cikin biyar, kuma sifirin mai laushi haka ba ya tsayawa inda ka auna shi a tsakar gida. Da ka taka birki a gangare zai nutse, gaban keke ya sunkuya, kusurwar wuya ta miƙe daidai lokacin da kake buƙatar ta kwanta. Ƙari a kan haka, kana wuce tsakiya mai laushi ka faɗa kan ƙarshen nan mai tauri, sai hannu ya ji kamar fok ya yi tsauri alhali laushi ne ya yi masa yawa.

Wannan ta ukun ita mutane ke faɗawa ba da niyya ba. Sun ji gaba ya yi sama, sun ga zoben roba bai kai ƙarshe ba, sai su ce iska ta yi yawa, su yi ta saukewa. A ganina kuskure biyu ne aka haɗa aka ba su magani ɗaya. Tsayin gaba na sitiyari ne, rashin kai ƙarshe na tokin ne, babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar a taɓa bawul. Wanda ya zaɓi hanya ta uku da saninsa, don ya san ƙasar da yake hawa ba ta da tsini, babu laifi. Wanda kuwa ya ƙara zurfi don gangare mai tsini da manyan duwatsu, tsakanin ta farko da ta biyu amsarsa take. In yana da nauyi ko yana hawa da ƙarfi, ya karkata ga ta farko. In hannu ne ke gajiya masa a doguwar saukowa, ta biyu.

Awon lotsawa a fok ba abin dogaro ba ne kamar na shokazobar baya, wannan ma a sani. Fok a karkace yake, sil, wato robar da ke tare ƙura da mai, yana riƙe ƙafa, kuma ɗan matsawar ƙugu gaba ko baya yana canza awon da milimita da yawa. Ka auna a tsaye kan feda da kayan hawanka, wani ya riƙe maka keke, ka maimaita har awon ya daina yawo. Bayan nan lambar psi za ka riƙa rubutawa, da famfo guda ɗaya, domin famfo biyu ba sa cika faɗin magana ɗaya. In ka sake ɗaura famfo ka ga lambar ta ragu kaɗan, iskar da ta cika igiyarsa ce, ba yoyo ba ne. Kuma ɗan famfon shokazoba ake nufi, ba injin mai faci ba; ɗakin iskar ƙarami ne, injin zai cika shi fiye da kima kafin ka ɗaga yatsa.

Tsakanin iska, tokin da maɓallin dannuwa

Da an tsayar da iska, tambayar da ke biyo baya ita ce me za a yi in fok yana nutsewa da yawa, ko yana ƙin shiga. Kayan aiki uku ne, kuma kowanne da inda hannunsa ke kaiwa.

Iska tana taɓa ko'ina: farko, tsakiya, ƙarshe. Ita kaɗai ce a cikin ukun take ɗaga tsayin da kake tafiya a kai ta hanyar da ba ta dogara da gudun dūka ba. Farashinta ɗan raguwar laushi a kan ƙananan duwatsu. Tokin kusan ba ya taɓa sulusin farko, yana ɗan taɓa tsakiya, ƙarfinsa duk a sulusin ƙarshe yake. Maɓallin dannuwa na ƙafar dama, wanda galibi shuɗi ne kuma a sama yake, mai yake matsewa. Ba ya aiki sai fok na motsi, saboda haka yana rage saurin nutsewa wajen birki ko kwana, amma in birkin ya daɗe fok zai kai inda iska ta yarda ya kai.

Daga nan zaɓin ya fito fili. Bayan ƙarin zurfi, fara da cire tokin ɗaya a kowane milimita 10, sannan ka duba littafin fok ɗin, domin akwai iyakar yawan tokin da aka yarda a kowane zurfi, kuma iyakar tana raguwa ne yayin da zurfi ke ƙaruwa. Wanda ya bar tokin huɗu na fok ɗinsa na 130 ya ɗaga shi zuwa 150 yana iya wuce iyakar bai sani ba. A sauke iska duka kafin a taɓa murfin sama. Yawancin Fox 36 da 38 soket mai milimita 32 suke so, Fox 34 mai 26, kuma mai lafaffen baki don murfin siriri ne. Sababbin RockShox da abin kwance giyar baya ake buɗe su.

In fok yana nutsewa wajen birki, ko kana ji kamar za ka tuntsura ta kan sitiyari a gangare, iska za ka ƙara, psi 3 zuwa 5, ba tokin ba. Nan ne aka fi yin kuskure. Tokin da yawa da iska kaɗan suna ba da fok mai daɗin dannawa a tsaye, kowa ya taɓa ya yaba, amma a kan dutse yana zubewa ta tsakiya ya ci karo da bango. Akasinsa, iska isasshiya da tokin kaɗan, ba ya burge kowa a tsakar gida, amma yana tsayawa sama, yana shanye dūka a jere ba tare da ya taru a ƙasa ba. In aka ce in zaɓi ɗaya cikin biyun ga fok da aka ƙara wa zurfi, na biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Tokin sai in lotsawa da tsakiya sun yi maka daidai, amma kana jin ƙarar buguwar ƙarshe a dirowar da ba ta kai ta kawo ba.

Maɓallin dannuwa kuma na ƙarshe ne a layi. A Fox GRIP2 da RockShox Charger 3 an raba shi biyu, na motsi a hankali da na dūka mai sauri. Na a hankali shi ke taimakon wanda ya bi hanya ta biyu ya ji fok ya ɗan yi saurin sunkuyawa: ƙas biyu, wato taki biyu na juya maɓallin, zuwa rufewa sau da yawa sun isa. Na sauri kuwa a bar shi inda yake tukuna. Masu Motion Control ko GRIP na talaka, maɓalli ɗaya gare su, kuma in aka matse shi sosai hannu ne ke biya. Su iska ce babban makaminsu, kuma ba su yi asarar da yawa ba.

Zancen cewa dole zoben roba ya kai ƙarshe a kowace fita ba shi da tushe. In ya rage milimita 10 ko 15 a hawan yau da kullum, ya kuma kai ƙarshe ranar da ka yi mummunar dirowa, fok ya yi aikinsa.

Dawowa, wato maɓallin nan mai jan launi da ke ƙasan ƙafar dama, bin iska take yi. Ka rage iska, ƙarfin da ke turo fok ya ragu, sai ka buɗe ƙas ɗaya ko biyu. Ka bar iska yadda take, ka bar ta. A riƙa ƙirgawa daga rufe sarai, don a nan ne lambar ke da tabbas. Fok mai jinkirin dawowa ba ya gama miƙewa kafin dutse na gaba, sai ya yi ta taruwa ƙasa, mai shi ya ce ya yi tauri ya ƙara sauke iska, abin ya ƙara lalacewa.

Yanzu batun sitiyari, wanda shi ne gyaran da ya fi arha kuma aka fi mantawa da shi. In bayan ƙarin zurfi tayar gaba na zamewa a kwana ko tana ɗagawa a hawan tudu, ka ciro zobe ɗaya mai milimita 5 daga ƙarƙashin wuyan sitiyari ka mayar da shi sama. Sitiyari zai sauka da kusan milimita huɗu da rabi, ya kuma matsa gaba da kamar biyu. Ka turo sirdi gaba da milimita 5, ka ɗan sunkuyar da hancinsa don ya koma daidai da ƙasa. Da wannan ka mayar da jikinka kusan inda yake a da, amma ka riƙe kwantacciyar kusurwar wuya da ka sayi sanda dominta. Kwatanta da sauke iska: ita ma tana saukar da gaba, amma tana cinye kusurwar, ta kuma bar ka da fok mai nutsewa. Kada dai a yanke bututun wuya sai an yi makonni ana hawa. Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa zoben ba, dogayen mutane da dama can sitiyarinsu ya yi musu ƙasa. Su ƙarin tsayin riba ce tsantsa.

In rage zurfi ka yi, daga 150 zuwa 140 misali, komai ya juye. Ƙarshen fok ya yi laushi, saboda haka tokin ɗaya za a ƙara, iska ma a ɗan ƙara don kashi 20 yanzu milimita 28 ne, dawowa a rufe ƙas ɗaya. Gaba ya sauka, sai a ƙara zobe ƙarƙashin wuyan sitiyari in akwai wuri. Abin lura a nan feda ce: cibiyarta ta sauka da milimita 3, kuma a hanya mai duwatsu wannan ya isa ta fara bugun ƙasa inda a da take wucewa. A wannan ɓangaren riƙe tsohon psi ba shi da wata fa'ida, domin kana da ƙasa da zurfin da za ka shanye dūkan da bai ragu ba.

Bayan keke ma yana da ta cewa. A keke mai shokazobar baya, nauyin da ya bar gaba baya ya koma, lotsawar baya ta ɗan ƙaru, wanda ke ƙara kwantar da keken fiye da lissafinmu. A sake auna ta, ƙila psi 5 ko 10 ake buƙata. A keken da ba shi da shokazobar baya kuwa, duk nutsewar fok juya firam take yi gaba, babu abin da ke sauka a baya ya daidaita ta. Irin wannan keke da dogon fok mai laushi, hanya ta uku kenan, shi ne haɗin da ya fi kowanne rashin tabbas a gangare. Hanya ta farko ta fi dacewa da shi.

Abu biyu suna ruɗa hukunci a makonnin farko. Sauya sanda yana tilasta zare ƙafafun ƙasa, wato an sa sabon mai da sabon giris. RockShox sa'o'i 50 na hawa suka yanka wa wannan aiki, Fox sa'o'i 125 ko shekara, amma mutane da yawa ba sa yi sai irin wannan rana. Santsin da ka ji a fitar farko na man ne, ba na milimita goma ba, kuma fok mai santsi yana lotsawa fiye da busasshe a psi ɗaya. Na biyu, sabuwar sandar ba lallai ta zama irin tsohuwar ba. DebonAir da RockShox suka fitar a 2020 an yi ta ne don fok ya riƙa zama sama fiye da wadda ta gabace ta. Wanda ya cire tsohuwar ya sa wannan ya canza abu biyu a lokaci guda, kuma tsohuwar lambar psi ɗinsa ba ta da amfani ko a matsayin mafari. Shi sai teburin sabuwar sanda.

Yanayinmu ma yana shiga lissafi. Iskar da aka hura psi 80 a ɗaki mai sanyin digiri 20 za ta haura 86 in fok ya yi zafin digiri 40, bambancin da ya fi wanda ke tsakanin hanya ta farko da ta biyu. Wanda ya daidaita fok da sanyin asubar Jos a watan Janairu, ya sauko Abuja a Maris, wani fok ne daban yake hawa: iska ta ƙaru, mai ya tsinke, dawowa ta yi sauri. A yi awo a yanayin da za a yi hawa. Ƙurar hunturu kuwa tana shanye man da ke sil tun kafin sa'o'in littafi su cika, kuma busasshen fok yana jin tauri irin wanda babu tokin ko maɓallin da zai cire.

Akwai kayan da ake sayarwa don wannan matsala. ShockWiz na'ura ce da ake ɗaurawa a bawul ta karanta motsin iska ta ba da shawara a waya. Tana da amfani, amma dole a sake saita ta bayan kowane canjin zurfi ko tokin, in ba haka ba da tsohon ninki take lissafi. Luftkappe na Vorsprung yana ƙara girman ƙaramin ɗakin ƙasa, ya ba da laushin farko da ƙarfin tsakiya, sai dai yana cin wani abu daga babban ɗaki, wato yana aiki kamar an ƙara tokin. A fok da aka kai iyakar zurfinsa, wanda ba shi da sauran tokin da za a cire, wannan na iya sa ƙarshe ya yi taurin da ba shi da magani. Mayar da fok zuwa sifirin ƙarfe, kamar Smashpot na Vorsprung ko ACS3 na Push, yana kawar da mafi yawan zancen ninkin iska da na zafi, amma yana ƙara nauyi, kuma da zarar ƙarfe ya goge cikin bututun komawa iska ba ta da tabbas. Ga wanda sai ya yi odar kowane abu daga waje ya jira makonni, ban ga dalilin sayen ko ɗaya ba kafin ya gama gwada abin da ke hannunsa kyauta.

Gwajin kansa a gajeren gangare guda ake yi, wanda ka sani sarai, mai ɗan birki, da kwana, da jerin duwatsu. Abu ɗaya ake canzawa a kowace saukowa, kuma canji mai girman da za a ji: psi 5, ko ƙas biyu, ko tokin ɗaya. In ya fi, a ƙara ta wannan gefe har ya fara lalacewa, sannan a dawo rabi. Iskar taya a tsayar da ita wuri ɗaya tun farko, don psi 2 a tayar gaba suna canza abin da hannu ke ji fiye da ƙas biyu a fok. In bayan an sauke sitiyari, an turo sirdi, an cire tokin, har yanzu gaban keken yana yawo a hanyoyin da ka fi hawa, to firam ɗin bai karɓi wannan tsayi ba. Tsohuwar sandar ka adana ta da giris a leda, domin mayar da ita aikin sa'a guda ne da ɗan man ƙafafun ƙasa.